Yadda Rikicin Kasuwa Ya Haifi Bikin Ɗanɗana Giyar Inabi a Bargandi

A ƙarshen mako na uku na watan Nuwamba, garin Beaune da ke yankin Bargandi a gabashin Faransa yakan cika ya batse da baƙi. Kwana uku ake yi ana shagali: ranar Asabar da dare liyafa a tsohuwar fadar Clos de Vougeot, ranar Lahadi gwanjon gangunan giyar inabi na asibitin garin, ranar Litinin kuma walimar rana a ƙauyen Meursault. A tsakanin haka tituna na cike da rumfunan cuku da dodon koɗi da burodi mai kayan ƙamshi, masu giya sun buɗe ɗakunan ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa, mutum ya biya kuɗin kofi ya bi layi yana shinshinawa, ya kurɓa, ya jujjuya a baki, ya tofar. Wanda ya ga dattawa cikin jajayen alkyabbu masu ratsin rawaya sai ya ɗauka bikin ya kai shekara ɗari biyar. Ba haka ba ne. Yawancin abin da ake gani a yau an tsara shi ne tsakanin 1921 da 1938, kuma matsi ne ya haife shi. Manoman da jabu ya ɓata musu suna, kasuwa kuma ta juya musu baya, su ne suka ga ba su da mafita sai su jawo mai saye har ƙofar gona ya ɗanɗana da bakinsa.

Akwai dai abin da yake tsoho da gaske. Sufayen Kirista na gidan Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, su ne suka share gonar Clos de Vougeot suka kewaye ta da katanga, suka kuma daɗe suna lura da yadda fili ya bambanta da na kusa da shi. A 1395 mai mulkin Bargandi, Philippe le Hardi, ya ba da umarni a tuge irin inabin Gamay don a bar wa Pinot Noir wuri. A 1443 Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka gina asibitin matalauta a Beaune, daga 1457 kuma masu hali suka fara ba asibitin kyautar gonaki, har ya zuwa yau yana da kusan hekta 60. Amma a duk waɗannan ƙarnuka ɗanɗanawa aikin 'yan kasuwa ne. Dillali ne ke sauka ɗakin ajiya da ɗan faffaɗan kofinsa na azurfa, mai ƙulle-ƙulle a ciki don ya kama hasken kyandir ya nuna launin giyar, ya kurɓa ya yanke farashi. Manomi na sayarwa a ganga, babban ɗan kasuwa ya kwashe ya gauraya ya sa sunansa. Bayan juyin juya halin 1789 an ƙwace gonakin coci an sayar, dokar gado ta zamanin Napoleon kuma ta wajabta a raba wa 'ya'ya daidai, sai filaye suka yi ta daddatsewa. Clos de Vougeot mai hekta 50 a yanzu tana hannun mutum kusan 80. Ƙaramin manomi irin wannan ba shi da bakin magana a gaban ɗan kasuwa. Ko gwanjon asibitin ma, da aka fara a 1859, taron masu sana'a ne da ke nuna inda farashin shekara zai dosa.

Abin da ya rushe wannan tsari wani ɗan ƙwaro ne mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 yana cin saiwar inabi. Ya isa Meursault a 1878, cikin shekaru kaɗan ya cinye gonakin yankin. Maganin da ya yi aiki shi ne a yi wa inabin Faransa aure da saiwar inabin Amurka, amma hakan na nufin a sake shuka ƙasa baki ɗaya, a kuma yi shekaru ana jira. Ƙishin masu sha bai jira ba, sai algus ya cike gurbin: ana jiƙa busasshen inabi, ana ƙara sukari da ruwa da rini, ana shigo da giyar Aljeriya da ta kudancin Faransa a gauraya a manna mata sunan ƙauyen da ya yi fice. Abin ya kai sai da majalisa ta yi doka a 1889 don ta fayyace cewa giyar inabi ita ce wadda aka yi da ɗanyen inabi kawai, ta kuma ƙara wata a 1905 kan ha'inci a kayan abinci. Da sababbin gonaki suka fara ba da amfani, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. A 1907 dubban ɗaruruwan manoma suka fito zanga-zanga a Languedoc, sojoji suka harbe mutane a Narbonne. A 1911 manoman Champagne suka ƙona ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa.

A Bargandi faɗan ya tsaya ne a kan tambaya guda: me sunan ƙauye yake nufi a jikin kwalba? Manyan 'yan kasuwa suna ganin suna mataki ne na inganci, duk giyar da ta kai matsayin ta ƙauyen Pommard za a iya sayar da ita da sunan Pommard ko daga ina ta fito. Masu gonaki kuwa suka ce suna na ƙasa ne, abin da bai tsiro a nan ba ba shi da haƙƙin ɗaukarsa. Sun daɗe da sanin darajar sunan, domin tun 1847 ƙauyen Gevrey ya liƙa wa kansa sunan gonarsa mafi tsada ya zama Gevrey-Chambertin, Nuits ma ta bi sahu a 1892 ta zama Nuits-Saint-Georges. Dokar 1919 ta ba kotuna ikon shata iyakar kowane suna, aka shiga shari'a ƙauye bayan ƙauye. Masu gonaki irin su Marquis d'Angerville na Volnay da Henri Gouges na Nuits, waɗanda suka tsaya gaba a wannan faɗa, sun koma ɗura giyarsu a kwalba da kansu suna neman masu saye kai tsaye. Dokar 30 ga Yuli 1935, wadda Joseph Capus ya jagoranta, ita ce ta kafa tsarin kare sunan asali da aka sani da AOC, ta ƙayyade fili da irin inabi da yawan amfanin da aka yarda a ɗiba. Manoma sun ci nasara a takarda, amma takarda ba ta sayen ganga.

Lokacin kuwa kasuwa a mace take. Juyin juya halin 1917 ya ɗauke masu kuɗin Rasha, Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, damunar 1930 da 1931 da 1932 kuma duk ba su yi kyau ba. A cikin wannan hali ne bukukuwan suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya. Magajin garin Dijon, Gaston Gérard, ya buɗe baje kolin abinci na birnin a 1921, ya yi ta yawo yana tallata Bargandi a matsayin ƙasar cin daɗi. A 1923 Jules Lafon, magajin garin Meursault, ya mayar da walimar kammala girbi taron da ake gayyato manyan baƙi da marubuta, kowa ya zo da kwalbarsa a yi ta musaya. Ranar 16 ga Nuwamba 1934, a wani ɗakin ajiya a Nuits-Saint-Georges, Georges Faiveley da Camille Rodier suka kafa ƙungiyar Chevaliers du Tastevin, suka ɗauki kofin azurfar dillali suka mayar da shi lambar girma da ake ratayawa a wuya. A 1937 aka shata hanyar mota da ke ratsa manyan gonaki don masu yawon buɗe ido, a 1938 kuma aka fara bikin Saint-Vincent mai zagaya ƙauyuka, Chambolle-Musigny ce ta fara karɓar baƙunci. Jeruwar waɗannan shekaru ita ce hujja mafi ƙarfi cewa matsi ne ya haifi bikin. Mota ta yawaita, littafin Michelin ya fara ba gidajen abinci tauraro a 1926, ma'aikata sun samu hutun shekara da albashi a 1936, masu gonaki kuma suka gane cewa ɗan jarida ko jakadan da ya zauna a teburinsu ya ga gonar da idonsa zai koma gida yana ambaton sunan ƙauyen. Masanin zamantakewa Gilles Laferté ya bi diddigin wannan a littafin da ya wallafa a 2006.

Wani zai ce an ƙwari al'ada, domin walimar girbi da ƙungiyoyin taimakon juna masu sunan Saint-Vincent sun girmi shekarun 1920 nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, kuma wannan tushe ne ya sa bikin ya kama ƙasa. Sai dai wanda ake yi wa taron ya canza. A da mai gona ne ke ciyar da ma'aikatansa bayan wahalar girbi, ƙungiyar kuma ta je ta nome gonar ɗan'uwan da ya kwanta ciwo. A sabon salo baƙo ne a kan kujerar gaba. Wannan bai mayar da bikin ƙarya ba. Mutanen da suka ga gadonsu na shirin salwanta suka sake masa fasali don ya ci da su sun yi abin a yaba, kuma sanin shekarar da aka ɗinka alkyabba bai rage wa wanda ya ɗinka ta daraja ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: shin harshe na iya bambance fili da fili kuwa? Ranar 24 ga Mayu 1976, a wani zama da Steven Spurrier ya shirya a Paris, alƙalai Faransawa sun ɗanɗana giya ba tare da ganin kwalba ba, sai farar giyar Chateau Montelena ta Kalifoniya ta zo ta ɗaya a gaban na Bargandi. A 2001 Frédéric Brochet ya rina farar giya ta zama ja a Bordeaux, ɗalibai 54 masu karatun giya suka siffanta ta da kalmomin jar giya. Ba a kau da kai daga irin wannan sakamako, kuma yawan kirarin da ake yi wa kwalabe masu tsada ya wuce abin da baki zai tabbatar. To amma idan aka duba da kyau, sukar tana ƙarfafa bayanin nan ne. Da harshe kaɗai na iya kama jabu, da ba a buƙaci kotu da dokar 1935 ba. Abin da ɗanɗanawa ke iyawa da gaske shi ne ta fitar da mai tsami da mai wari da wadda aka tsinka, kuma wannan aiki ƙungiyar Tastevin ta ɗora wa kanta tun 1950, inda take ɗanɗana kwalabe a rufe ta sa hatiminta a kan waɗanda suka tsallake. Sauran darajar tana fitowa ne daga amana, ita kuwa amana doka da ganin ido ne suka gina ta tare.

Mai karatu Musulmi na da tasa tambayar, kuma tana da hurumi: me ya haɗa shi da tarihin abin da addininsa ya haramta? Babu kiran kowa ga sha a nan. Illar barasa ba ta ɓoyuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, ita kanta Faransa ta taƙaita tallarta da doka a 1991, kuma giyar inabin da Bafaranshe ke sha ta sauko daga sama da lita 100 a shekara a shekarun 1960 zuwa ƙasa da rabin haka. Kyawun biki yakan rufe wannan ɓarna, kuma laifi ne a kansa. Amma tsarin da manoman inabi suka yi faɗa a kansa ya fita daga kwalba tuntuni. Tarayyar Turai ta shimfiɗa shi a kan kayan abinci a 1992, yarjejeniyar cinikin duniya ta 1994 ta amince da shi, hukumar OAPI da ke Yawunde kuma ta yi rajistar masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru a 2013, daga baya ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar. Manomin Galmi da yake ganin ana sayar da albasar wani wuri da sunan garinsu yana cikin damuwar da manomin Pommard ya shiga shekara ɗari da suka wuce, kuma yana da amfani ya san cewa a can rajista ba ta ɗaga farashi ita kaɗai ba sai da aka haɗa ta da taron da mai saye ke zuwa ya gani ya taɓa.

Dabarar ta yi aiki har ta wuce yadda masu ita suka zata. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya filayen inabin Bargandi 1,247 cikin kayan tarihin duniya. Gwanjon asibitin Beaune, wanda kamfanin Christie's ya riƙe daga 2005 kafin Sotheby's ya karɓa a 2021, ya tara kusan Yuro miliyan 29 a 2022, ana sayar da ganga mai lita 228 ga masu saye daga nahiyoyi daban-daban, kuɗin kuma na tafiya ga kula da marasa lafiya da gyaran gine-gine. Sai dai sunan da aka kare don ƙaramin manomi ya tsira ya sa ƙasar ta yi tsadar da 'ya'yansa ke shan wuya wajen biyan harajin gadonta. Kamfanin LVMH ya sayi gonar Clos des Lambrays a 2014, a 2017 attajirin Amurka Stan Kroenke ya karɓi mafi yawan hannun jarin gonar Bonneau du Martray daga dangin da suka riƙe ta kusan shekara 200, a 2017 ɗin kuma aka sanar da sayar da gonar Clos de Tart ga iyalan François Pinault.