Kyamarar wasanni: Abin da ya kamata a auna kafin a zuba mata miliyoyi a Sakkwato

Naushin da ke kayar da ɗan dambe ba ya cika daƙiƙa guda, haka ma zaburar doki a hawan Sallah ko shigar ƙwallo raga a filin wasa na Giginya. Saboda irin wannan ƙiftawar ido ne ake ƙera kyamarori na musamman masu tsadar gaske. Sai dai ga matashin mai ɗaukar hoto a Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Shehu, alƙaluman da ke jikin kwali ba su isa hujja ba. Ƙurar Sakkwato da zafinta da darajar naira su ne alƙalai na gaskiya.

Manyan da ke fage

Kamfanoni uku na Japan ne ke riƙe da wannan kasuwa. Nikon ta fito da Z9 a 2021, mai megafiksel 45.7, wadda ke ɗaukar cikakkun hotuna 20 a daƙiƙa. Sony ta gabatar da a9 III a watan Nuwamban 2023, mai megafiksel 24.6 da hotuna 120 a daƙiƙa. Canon kuwa ta sanar da EOS R1 a Yulin 2024, mai megafiksel 24.2 da hotuna 40 a daƙiƙa. Farashinsu lokacin fitowa ya kama daga dala 5,500 zuwa 6,300, ba tare da gilashi ba.

Sauri da saiti

Domin a tsayar da motsi cak, sai kyamara ta buɗe wa haske hanya na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Yawan hotuna a jere yana ƙara damar dacewa da lokacin kisa a dambe, amma yana da nasa haraji: daƙiƙa ɗaya da rabi a saurin 120 na nufin hotuna 180 da za a zauna a tace, alhali edita na jira.

Abin da ya fi sauri muhimmanci shi ne saiti, wato yadda kyamara ke kama ido ko fuska ta bi su. Wurin gwada wannan shi ne cunkoso: idan alƙalin wasa ko makaɗi ya gifta tsakanin gilashi da ɗan dambe, shin kyamarar za ta riƙe wanda aka nufa ko za ta koma kan mai giftawa? Dukkan ukun kuma suna iya adana abin da ya faru rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda kafin a danna maɓalli, abin da ke ceto wanda yatsansa ya makara.

Haske bayan la'asar

Galibin dambe da kokawa da yamma ake yin su, turmi mafi zafi kuma yakan zo ne rana na shirin faɗuwa. A nan a9 III ke da fuska biyu. Ita ce ta farko a ajinta da ke karanta dukan hoton a lokaci guda, ba layi bayan layi ba, don haka mashin mahayi ba ya lanƙwashewa a hoto, fitilun janareta kuma ba sa barin ratsi-ratsi. Amma wannan fasaha ta sa mafi ƙanƙantar ma'aunin ISO ɗinta ya fara daga 250, kuma hotonta ya ɗan fi na takwarorinta tsaki-tsaki idan duhu ya kawo jiki.

Ƙura da zafi

Sony da Nikon sun ƙayyade digiri 40 a matsayin iyakar zafin da kyamarorinsu za su yi aiki a cikinsa. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan zarce haka. Baƙin ƙarfe a tsakar rana na iya kashe kansa, musamman idan bidiyo ake ɗauka. Ƙurar hunturu da ta kofaton dawaki kuwa tana shiga ne yayin canza gilashi. Shi ya sa labulen kariya irin na Z9, mai rufe cikin kyamara idan an kashe ta, ya fi wasu alƙaluman talla amfani a nan. A tambayi dillali kuma: idan ta lalace, ina za a kai ta, kuma takardar garantin tana aiki a Najeriya?

Lissafin aljihu

A canjin naira 1,500 kan dala, kyamarar dala 6,000 ta tashi naira miliyan 9, wato fiye da albashin shekara goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Gilashi mai tsawon milimita 70 zuwa 200, wanda ya fi dacewa da da'irar dambe, ya haura dala 2,000. Na milimita 400 da ake gani a gefen filayen ƙwallo yana kaiwa dala 12,000. Sai katin ajiya mai sauri da ƙarin batura, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Don haka kyakkyawan gilashi a kan tsohuwar kyamara ya fi sabuwar kyamara da gilashi mai rauni. Canon 1D X Mark II da Nikon D5, da aka yi aiki da su a gasar Olamfik ta Rio a 2016, suna ɗaukar hotuna 14 da 12 a daƙiƙa, kuma ana samun su na hannu da rahusa.

Hoto a matsayin shaida

Kyamarar da ta ɗauki dambe ita ce gobe za ta ɗauki gangamin siyasa ko layin zaɓe. A zamanin hotunan bogi na ƙirƙirarriyar basira, an fara sanya wa kyamarori hatimin C2PA, wanda ke nuna na'urar da ta ɗauki hoto da gyaran da aka yi masa. Leica M11-P ce ta fara zuwa da shi a 2023, sauran kamfanoni suka biyo baya. Ga ɗakin labarai da za a iya ƙaryata hotonsa a Facebook cikin awa guda, wannan hatimi na iya fin hotuna 120 a daƙiƙa daraja.