Lindau: Majami'u Biyu a Kasuwa Ɗaya

A kudancin ƙasar Jamus akwai wani babban tafki da ake kira Konstans, inda iyakokin Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka haɗu. A bakinsa na gabas akwai tsibiri wanda girmansa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, a kansa kuwa aka gina tsohon garin Lindau. Mai ziyara yakan shiga ta gada ko ta jirgin ƙasa. In kuwa ta ruwa ya zo, sai ya ratsa tsakanin gunkin zaki da hasumiyar fitila da aka kammala a 1856, ga duwatsun Alps tsaye a ƙetaren ruwa.

Amma abin da ya fi cancanci a tsaya a kansa yana tsakiyar kasuwa. A can majami'u biyu suke kafaɗa da kafaɗa: ta Istifanus ta Furotesta, da ta Maryamu ta Katolika. Yaya aka yi haka?

An fara ambaton sunan Lindau a rubuce a 882, a lokacin akwai gidan mata masu zaman ibada a tsibirin. A hankali gari ya kewaye gidan, ciniki ya bunƙasa. A 1528 mutanen gari suka karɓi koyarwar Gyaran Ikkilisiya, amma matan nan suka tsaya a kan Katolika. Tsibiri ƙarami ne, ba inda wani zai kauce wa wani. Zaman ya zama irin na harshe da haƙori.

Sa'an nan Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke a 1618, Kirista yana kashe Kirista. Sojojin sarkin daula, wanda shi Katolika ne, suka zauna a garin. A 1647 sojojin Suwidin, 'yan Furotesta, suka kewaye tsibirin suna harbi, ko da yake yawancin mazaunansa 'yan'uwansu ne a bangaskiya. Harsashi bai tambayi kowa majami'arsa ba. Ba su ci garin ba, aka kuwa yi sulhu a 1648.

Bayan yaƙi yara da yawa ba sa zuwa makaranta. A 1655 wani babban mutumin gari, Valentin Heider, ya kafa al'adar yi wa iyaye da yara wa'azi a kan ilimi. Daga nan ne bikin yara na Lindau ya samo asali, ana kuwa yinsa kowace shekara.

A 2019 shugabannin addinai daga ƙasashe da yawa suka yi taron neman salama a wannan tsibiri. 'Yan'uwa, mutanen Lindau ba su daina bambanta ba. Abin da suka koya, bayan hasara mai yawa, shi ne maƙwabcin da ba za ka iya kora ba, gara ka koyi zama da shi tun kafin a zub da jini.