Daga Lifidi Zuwa Dardumar Kofi: Tarihin Ɗinki Mai Hawa Uku

A gidajen Amurka da Ingila akwai wani ɗan ƙyalle da mata kan ɗinka domin ɗora kofin shayi a kai, wanda sunan da suka ba shi ke nufin dardumar kofi. Girmansa bai cika wuce inci 6 a faɗi da inci 9 a tsawo ba, wato daidai wurin zaman kofi da biskit ɗaya ko biyu. Sau da yawa da shi ake fara koya wa sabon shiga ɗinkin bargo, domin a wuni guda ake gama shi, kuma guntayen ƙyalle kawai yake ci. Wanda ya gan shi zai ɗauka wasan yara ne, amma masu iya magana sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ɗinkin da ke jikin ɗan ƙyallen nan ya kai shekara dubu biyu ana yin sa, ya tare sanyi, ya tare kibiya, ya kuma adana labarin mutanen da littattafan tarihi ba su cika kula da su ba.

Asalin ɗinkin

Hikimar wannan ɗinki ba ta da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a ɗora ciko na auduga ko ulu a tsakiya, a rufe da wani ƙyallen a sama, sannan a bi da allura layi-layi ana huda ukun gaba ɗaya. Layukan zaren su ke hana cikon gudu ya dunƙule a gefe guda, iskar da ta maƙale a cikin cikon kuwa ita ke riƙe ɗumi. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da suka rage shi ne wata shimfiɗa da ayarin wani mai bincike ɗan Rasha, Kozlov, ya tono a kaburburan Noin-Ula da ke arewacin Mongoliya a 1924 zuwa 1925. An ɗinka ta wajen ƙarni na 1 na Miladiyya, da zanen dabbobi suna faɗa a gefenta, kuma an ajiye ta a gidan tarihi na Hermitage a Rasha.

Ɗinkin a fagen fama

Ba a daɗe ba mayaƙa suka gane cewa abin da ya tare sanyi yana iya rage kaifin makami. A Turai ta tsakiyar zamani, mai hali kan sa riga mai ciko a ƙarƙashin sulke, talakan soja kuwa ita kaɗai ce sulkensa. A nan ne ƙasar Hausa ta shigo cikin labarin, domin lifidi ba wani abu ba ne illa wannan ɗinki mai hawa uku, wanda aka cika shi da auduga ko audugar rimi, aka suturta doki da mahayinsa da shi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi yana da amfani ƙwarai a ƙasar da ake yaƙi da kibiya mai dafi, domin kibiyar takan maƙale a cikin ciko kafin ta taɓa fata. Sai dai yana da nauyi, kuma babban abokin gabarsa wuta ce. A yau a hawan sallah ne akan ga 'yan lifidi, kuma ba kowane ɗan kallo ba ne zai kawo a ransa cewa kayan da ke jikin dawakin nan 'yan uwan bargo ne.

A wajen wannan zamani na Kanajeji, a ƙarshen ƙarni na 14, wasu maɗinka a tsibirin Sisili na Italiya suka yi wani babban bargo na lilin da cikon auduga, suka fitar da hotunan tatsuniyar wani jarumi mai suna Tiristan a jikinsa. Wani sashe nasa yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wani kuma yana gidan tarihi na Bargello a Fulorans. Wannan ya nuna cewa tun a lokacin an fara amfani da allura wajen ba da labari.

Yadda ya shiga gidan talaka a Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Turawan da suka fara zama a Amurka da guntayen tsumma suka riƙa haɗa barguna saboda talauci. Binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba. Kafin zuwan masaƙun zamani yadi yana da tsada ainun, saboda haka bargo mai ado kayan masu kuɗi ne. Abin da ya sauya al'amarin shi ne injin gurzar auduga na Eli Whitney na 1793, da masaƙun da suka biyo baya, waɗanda suka karya farashin yadi, har zuwa wajen 1840 matar manomi ma tana iya sayen atamfa ta yanka gunduwa-gunduwa ta haɗa. Keken ɗinki na Singer ya fito a 1851 ya ƙara sauƙaƙa aikin. Amma kada mai karatu ya manta cewa arhar audugar nan da gumin bayi baƙar fata aka same ta a gonakin kudancin ƙasar.

Daga cikin waɗannan bayi ne Harriet Powers ta fito. An haife ta cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta rasu a 1910. A 1886 ta kai wani bargo mai gida 11 wurin bajekolin auduga a garin Athens na jihar, kowane gida da ƙissarsa daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, kamar ta Adamu da Hauwa'u da ta 'ya'yansu biyu. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi ta saya, Harriet ta ƙi. Bayan 'yan shekaru, da babu ta matsa wa iyalinta, sai ta ɗauko bargon ta kai mata, ta nemi dala 10, aka ba ta dala 5. Kafin ta rabu da shi sai da ta bayyana ma'anar kowane gida, malamar tana rubutawa. Wannan bargo yana hannun cibiyar Smithsonian a Washinton. Na biyunsa, mai gida 15, yana gidan zane na Boston, kuma a jikinsa ta ɗinka har da abubuwan da suka faru a zahiri, irin su ranar duhu ta 19 ga Mayu 1780 da daren zubar taurari na Nuwamba 1833.

Matan Gee's Bend

A jihar Alabama akwai wani ƙauye da kogi ya kusa kewayewa, ana kiransa Gee's Bend, mazaunansa jikokin bayin gonar auduga ne. Gidajensu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, don haka bargo ya zama dole. Da tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari matan suka riƙa yin nasu, ba tare da bin tsarin kowa ba. A 1942 wata mata, Missouri Pettway, ta haɗa bargo da kayan aikin mijinta bayan rasuwarsa, domin ta riƙa lulluɓa da su. A 1966, lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta sayar da barguna. A 2002 aka baje bargunansu a gidan zane na Houston, daga nan sai New York, masana suka jera su tare da aikin manyan masu zane na zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hoton guda 10 daga ciki a kan sarki.

Komawa ga dardumar kofi

Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 barguna na masana'anta sun yi arha, ɗinkin ya tashi daga larura ya koma sha'awa. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai garawa, wadda ke yanka ƙyalle hawa-hawa a kan layi madaidaici cikin ƙiftawar ido. Wannan ya sa ƙananan ayyuka irin dardumar kofi suka zama masu sauƙi ga mai koyo. Za ta yanka guntaye, ta haɗa su tana barin rubu'in inci a bakin kowane ɗinki, ta goge da dutsen guga, ta jera hawa ukun, ta bi su da layukan zare, sannan ta naɗe bakin da siririn ƙyalle. Matakan nan su ne dai na babban bargo, girma ne kawai ya bambanta, shi ya sa wadda ta ɓata ba ta yi asarar kome ba sai ƙyallen da dā ma shara za shi.

Daga kabarin Mongoliya zuwa dokin Kanajeji, daga hannun Harriet Powers zuwa teburin mai koyo, dabarar ba ta sauya ba: ƙyalle biyu, ciko a tsakani, zare ya riƙe su. Abin da ya sauya shi ne bukatar da ta sa aka ɗauki allurar. Kuma da malamar nan ba ta zauna ta rubuta bayanin Harriet ba, da yau bargon yana nan amma an rasa mai karanta shi. Allah Ya jiƙan mazan jiya da matan jiya, Ya ba mu ikon kula da abin da suka bari.