Gurɓatar Nukiliya a In Eker

In Eker wuri ne a yankin Ahaggar na kudancin Aljeriya, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, a kan hanyar da ta ratsa ƙauyukan Tit da In Amgel. Daga 1961 zuwa 1966 Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 cikin ramukan da ta haƙa a dutsen Taurirt Tan Afella. Yarjejeniyar Evian ta 1962 ce ta ba ta damar ci gaba da amfani da wurin bayan 'yancin Aljeriya.

Ranar 1 ga Mayu 1962, a gwajin da ake kira Beryl, toshiyar ramin ta ɓalle, ƙura mai guba da narkakken dutse suka yi waje. Ministocin Faransa biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski, suna wurin.

Tururin nukiliya yana lalata ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyaye, yana kuma haddasa sankara. Ƙurar takan sauka kan makiyaya da bakin rijiyoyi, ta shiga jiki ta numfashi, ruwa ko nonon dabba. Bayan tafiyar Faransawa a 1967 ba a killace wurin da kyau ba, mutane suka riƙa kwasar ƙarafa da wayoyin tagulla suna sayarwa ko yin shinge.

Mazauna yankin, akasarinsu Buzaye, suna kokawa kan sankara da haihuwar yara masu nakasa. Dokar Morin da Faransa ta kafa a 2010 ta tanadi diyya, amma 'yan Aljeriya ƙalilan ne suka samu.