Likitan jirgin yaƙi da ya rasu a hanyar Kano

Irin sanyin hunturun da kan sa manomi a Funtua ko Malumfashi ya makara zuwa ɗibar auduga, shi ne ya ƙarasa wani baƙon likita a ƙasar Katagum, fiye da shekara ɗari biyu ke nan. Sunansa Walter Oudney, mutumin Sikotlan, an haife shi a 1790.

Ɗan talakawa ne. Ya fara aiki a jiragen ruwan yaƙin Ingila lokacin da ake gwabzawa da Faransa ta Napoleon, aka tura shi tekun Indiya, a 1814 aka ɗaukaka shi zuwa cikakken likitan fiɗa. Fiɗa a wancan zamani ba allurar kashe zafi, kuma zazzaɓi da gudawa sun fi harsashi cin sojan ruwa. Da yaƙi ya ƙare a 1815 sai ya koma Edinburgh yana karɓar rabin albashi, ya samu digirin likita a 1817, ya kuma duƙufa kan ilimin tsirrai.

A 1821 gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi ya tafi Borno, ya binciko inda kogin Kwara ke zuba. Ya ɗauki abokinsa Hugh Clapperton, shi ma sojan ruwa, aka haɗa su da Dixon Denham, hafsan sojan ƙasa wanda jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Suka taso daga Tarabulus, suka keto hamada ta Murzuk, suka iso Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ranar 17 ga Fabrairu 1823. Tun a hamada tari ya kama ƙirjin Oudney, bai sake shi ba.

Ranar 14 ga Disamba shi da Clapperton suka bi ayarin fatake zuwa Kano. Lafiyayye ma yakan yi tunani kafin ya hau wannan hanya, don iyaka ce tsakanin Borno da daular Sakkwato, ƙurar jihadi ba ta gama kwantawa ba, mahara kuma suna tare ayari. A ƙasar Bade wani dare sanyi ya tsananta har ruwan da aka bari a mazubi ya yi ƙanƙara a sama, kamar yadda Clapperton ya rubuta. Daga nan jikin likita ya rikice. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne, duk da haka bai rufe akwatin magani ba. Inda suka yada zango mutane kan taru, maza da mata, kowa da larurarsa, shi kuwa yana tari yana duba su.

Farkon Janairu 1824 suka shiga tsohon birnin Katagum, Sarki Ɗan Kauwa ya yi musu saukar girma. Da ya zauna nan ya yi jinya, wataƙila da ya ƙara kwanaki, amma ya matsa a ci gaba. Ba su yi nisa ba suka tsaya a Murmur. Da asubahin 12 ga wata ya sha gahawa, aka taimaka masa ya sa tufafi. Ana shirin ɗora shi kan raƙumi sai Clapperton ya dubi fuskarsa, ya ga alamar mutuwa, ya mayar da shi cikin tanti. Nan rai ya yi halinsa. Aka binne shi ƙarƙashin wata bishiya a bayan gari, aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, aka yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata.

Kwana takwas bayan haka Clapperton ya shiga Kano shi kaɗai, a watan Maris kuma ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato.

Ba na mantawa da cewa gwamnati ce ta aiko su, kuma taswirar da irin waɗannan tafiye-tafiye suka haifar ta amfani waɗanda suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. Wannan gaskiya ce. Amma shi Oudney magani ya shigo da shi ƙasar nan, kuma ko a wurin mutanensa bai samu haƙƙinsa ba: littafin tafiyar da ya fito a 1826 Denham ne ya mamaye shi, rubutun likitan kaɗan ne ya shiga. Masanin tsirrai Robert Brown, wanda ya nazarci ganyayyakin da aka tattaro a tafiyar, shi ne ya tuna da shi. Ya raɗa wa wani tsiron hamada suna Oudneya.