NBA Top Shot: Tara bidiyon kwallon kwando a matsayin jari

NBA Top Shot kasuwa ce ta intanet inda ake saye da sayar da gajerun bidiyon bajintar 'yan wasan gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kamfanin Dapper Labs na ƙasar Kanada ne ya buɗe ta ga jama'a a shekarar 2020, da haɗin gwiwar hukumar NBA.

Kowane bidiyo yana ɗauke da lambar da aka rubuta a rumbun Flow, mai tabbatar da wanda ya mallake shi. Darajarsa ta dogara ne da ƙarancin kwafi, da shaharar ɗan wasa, da kuma ƙanƙantar lambar. A Fabrairun 2021, an sayar da wani bidiyon LeBron James kan dala 208,000.

Sai dai farashi ya faɗi warwas a 2022, mutane da dama suka tafka asara. Haƙƙin mallakar hotunan yana hannun NBA, kuma bidiyon ba ya kawo riba sai an samu mai saye da tsada. Don haka masu tarawa don sha'awa sun fi masu neman riba kwanciyar hankali.