Yadda Ilimin Gina Hanyoyi da Gadoji Ya Shiga Jami'a, Daga Faransa Zuwa Zariya

Sana'ar gini ta girmi kowace jami'a, domin tun kafin a kafa makarantar koyar da ita mutane sun haƙa rijiyoyi, sun tare koguna, sun kewaye birane da ganuwa. Abin da karatun jami'a ya zo da shi shi ne auna ƙarfin gini da lissafi tun yana kan takarda, ta yadda za a san nauyin da ginshiƙi zai ɗauka kafin a kwaɓa kankarensa. Fannin da ya ɗauki wannan aiki shi ne wanda Turawa suka kira injiniyancin farar hula, wato aikin hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa da magudanai da manyan gine-gine, kuma an sa masa sunan ne don a bambanta shi da aikin injiniyoyin soja, waɗanda suka daɗe suna gina sansanoni da katangun yaƙi.

A Faransa aka fara mayar da wannan sana'a karatun aji, kuma gwamnati ce ta yi hakan saboda bukatarta. A shekarar 1716 masarautar ƙasar ta kafa rukunin ma'aikata masu kula da gadoji da hanyoyi, sannan a 1747 aka buɗe musu makaranta a birnin Faris ƙarƙashin Jean-Rodolphe Perronet. Daga Faransa ne kuma ƙa'idojin lissafin suka riƙa fitowa. Charles Coulomb, injiniyan soja da ya yi shekaru yana gina sansani a tsibirin Martinik, ya gabatar da bincike a 1773 kan yadda tarin ƙasa yake tura katangar da ta tare shi, kuma har yau ɗalibai suna koyon wannan lissafi da sunansa. A 1826 Claude-Louis Navier ya wallafa darussansa kan juriyar kayan gini, ilimin da yake bayyana yadda katako ko ƙarfe yake lanƙwasa kafin ya karye.

Birtaniya ta bi wata hanyar daban, kuma ita ce ta fi shafar Najeriya. A can an fi yarda da almajiranci, inda saurayi yake biyan kuɗi ya zauna ƙarƙashin wani ƙwararre shekara da shekaru yana koyo a wurin aiki. John Smeaton, wanda ya kammala hasumiyar haska wa jiragen ruwa ta Eddystone a 1759, shi ake ɗauka mutum na farko da ya kira kansa injiniyan farar hula. Thomas Telford kuwa, da ya zama shugaban farko na ƙungiyar injiniyoyin da aka kafa a Landan a 1818, ɗan makiyayi ne da ya fara da sassaƙar dutse. Ko da Jami'ar Glasgow ta samu kujerar farfesa a wannan fanni a 1840, manyan masu sana'ar sun daɗe suna ganin cewa allo da alli ba sa gina gada. Rushewar gadar kogin Tay a watan Disamba na 1879, lokacin da guguwa ta kayar da ita tare da jirgin ƙasa da fasinjojinsa, ta nuna abin da kan biyo baya idan ba a lissafa ƙarfin iska yadda ya kamata ba.

Wannan al'ada ta almajiranci ce ɗan Najeriya Herbert Macaulay ya bi sa'ad da ya koyi aikin injiniya da safiyo a garin Plymouth a farkon shekarun 1890. Amma gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi gaggawar horar da 'yan ƙasa ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, an buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932, dukansu da tsarin injiniyoyin Turawa da gumin leburorin ƙasa. Babbar Kwalejin Yaba, wadda aka buɗe a hukumance a 1934, mataimakan injiniyoyi take yayewa, masu shaidar karatun da ba ta kai digiri ba, abin da ya ɓata wa 'yan boko na lokacin rai ƙwarai.

Ba a kan fili fetal wannan sabon ilimi ya sauka a ƙasar Hausa ba. Magina suna da tsarinsu ƙarƙashin Sarkin Magina, sana'ar kuma gado ce da yaro yake tasowa a cikinta daga kwaɓa ƙasa da miƙa tubali har ya kai ga ɗaura rufi. Babbar matsalar magini ita ce azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, domin ba ta iya tsallake fili mai faɗi fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa ba. Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo: ana dasa azarori a cikin bango daga ɓangarori biyu, kowane jeri yana ɗan zarce na ƙasansa yana karkata ciki, ana ɗaure su ana shafe su da ƙasa, har su haɗu a sama. Wanda ya tsaya a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), ya ɗaga kai ya ga yadda bakunan suke fitowa daga kauraran ginshiƙai suna rarraba nauyin rufi, zai gane cewa mai wannan aiki ya san hanyar da nauyi yake bi zuwa ƙasa, ko da bai rubuta ta da alƙaluma ba. Iliminsa yana hannunsa da idonsa, shi ya sa ba ya yaɗuwa sai ta bakin uba zuwa ɗa.

A wannan gari na Babban Gwani ne karatun injiniya mai zurfi ya kafu. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1952 da rassa a Zariya da Ibadan da Inugu, ta ajiye karatun injiniya a Zariya, inda ɗalibai daga sassan ƙasar suka riƙa neman digirin Jami'ar Landan. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, ta gaji wannan tsangaya da ke Samaru. Bukatar ma'aikata ta kasance mai tsanani, domin madatsar Kainji da aka gina daga 1964 zuwa 1968 kamfanonin Italiya ne suka yi kwangilarta, sannan a zamanin Gwamna Audu Bako jihar Kano ta shiga gina madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka kammala a 1974. A 1970 gwamnatin tarayya ta kafa majalisar rajistar injiniyoyi, COREN, a 1973 kuma aka fara shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki a ma'aikatu, wanda ya dawo da wani yanki na tsohon almajiranci cikin karatun digiri na shekara 5.

Bambancin ilimin magina da na jami'a yana fitowa fili a ɗakin gwaji. Ɗalibi yana auna siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, ya zuba kankaren a mazubin ƙarfe mai milimita 150 ta kowane gefe, ya jiƙa curin a ruwa, bayan kwana 28 ya sa shi a injin da zai matse shi har ya fashe, ya rubuta nauyin da ya fasa shi. Da wannan adadi ake yanke hukunci kan kaurin ginshiƙi da yawan rodin da za a sa masa, kuma duk wanda ya iya karanta takardar zai iya maimaita aikin a Sakkwato ko a Maiduguri.

Sai dai manhajar da aka gado an tsara ta ne a kan kankare da ƙarfe da ƙa'idojin Birtaniya, alhali ƙasar da ake gini a kanta tana da halinta. Ilimin halayyar ƙasa, wanda Karl Terzaghi ya aza harsashinsa a 1925, an gina shi ne bisa ƙasar Turai da Amurka, don haka ya zama dole masu bincike a jami'o'in Najeriya su zauna su auna jar ƙasar marmara da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwalta, da baƙar lakar yankin tafkin Chadi wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana fasa titi da bango. Ginin ƙasa kuwa, wanda har yau shi ne matsugunin ɗimbin jama'ar karkara, bai samu irin wannan kulawa a darussan digiri ba, kuma wannan asara ce, domin magina masu iya ɗaura bakan gizo suna ƙaranci. A shekarun 1970 an gina sabon masallaci na kankare a Zariya wanda ya lulluɓe abin da ya rage na aikin Babban Gwani, kuma bakunan suna nan tsaye a cikinsa.